Gem Ɗin Da Ba Ya Jin Kiran Salla

Kwanakin baya wasu samari suka zo rumfata, cikinsu har da jikan maƙwabcina, wai shawara suke nema za su buɗe gidan gem. Ban gama amsa gaisuwa ba babbansu ya ce, "Ai Baba Ɗanlami, mu mun duba mun ga sana'ar ba ta da wuya. Ka sayi talabijin da na'ura, ka ajiye benci, ka kishingiɗa kana shan iska yara na kawo maka." Na dube shi tun daga askin kansa har silifas. Na ce su je su dawo in na huce. Ba su dawo ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko Allah zai sa wani ya karanta musu. Na fara wannan aiki tun ba a haifi wanda ya faɗa mini maganar ba, kuma har yau ban ga ranar da na kishingiɗa ba.

Aikin farko da aka danƙa mini rediyo ce, ta wani Bafulatani daga wajen Baure. Maigidana Malam Ila mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa, ya kwance ta ya ajiye gabana, ya ce in nemo inda ta mutu. Na yini ina leƙe-leƙe da tsinin sukudireba ban ga komai ba. Da yamma ya ɗauka ya kai hanci, ya shinshina, ya nuna mini wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ya ƙone a lungu. Ya ce in daina saurin kai hannu, in fara shinshinawa, in saurara, in duba, sannan in taɓa. A wurinsa na koyi riƙe ƙarfen liƙi da narka dalma ba tare da ta ɗiga inda ba a so ba. In babu wuta, a garwashi muke gasa ƙarfen, ina fifita yana liƙi, kuma tabon da ke bayan hannuna na dama daga can na samo shi. Shekara da shekaru ina share shago, ina ɗebo ruwa, ina kai wa mutane talabijin gida a ka, kafin ya yarda in buɗe kayan wani ba ya wurin.

Na'urar gem ta farko da na taɓa gani, wani direba ne mai bin hanyar Mai'aduwa ya kawo ta gyara, irin mai kaset ɗin nan da sai ka hura masa iska kafin ya kama. Malam Ila ya jujjuya ta ya ce shi ya girmi gyaran kayan wasan yara, ya turo mini. Waya ce guda ta tsinke a ciki. Na liƙe, na jona da talabijin ɗin shago don in gwada, kafin in ɗago kai ƙofa ta toshe da yara, har da masu talla da suka dire faranti. Malam Ila ya kore su, suka zagaya ta taga. Ranar na san akwai abinci a wannan abu. Da ya yaye ni, na kama rumfa a unguwarmu dab da masallaci, na sa talabijin da na'ura da benci da ɗan janareta.

To ku da kuka ce ba wuya, bari in fara muku da fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa. Wani ɗan gidan mahauta ya taɓa yini yana buga ƙwallo da hannun da ya gama cin tsire da shi, washegari maɓallin bugu ya shige ciki ya ƙi fitowa. Na kwance, na tarar kitse da ƙuli sun yi gida ƙarƙashin roba. Tun daga nan kowace safiya kafin in buɗe sai na kwance su ɗaya bayan ɗaya, in goge da tsohon burushin haƙori da auduga, in goga bakin fensir a kan baƙin robar don ta koma jin dannawa. In robar ta yage, a lokacin babu mai sayar da ita a Daura, daga cikin mataccen rimot nake yankowa in daidaita da reza. Waya kuwa kullum cikin tsinkewa take, domin wanda aka ci ba ya ajiye fad, jifa yake yi da shi.

Da aka koma na'ura mai faifai sai wahalar ta sauya kama. Ita wannan ido gare ta a ciki, kuma abu kaɗan ke sa ya daina gani. Ka goge shi da auduga a hankali, in ka danna ka kashe shi. In na'urar ta tsufa sai ka kifa ta kamar ƙwarya sannan ta yarda ta karanta, har baƙo in ya shigo ya ga kayana a kife sai ya ɗauka ban san sama da ƙasa ba. Faifan da ya karce da man goge baki nake lallaɓa shi. Da bazara kuwa, zafin Daura ba sai an gaya muku ba, na'ura ta ɗauki zafi ta tsaya cak ana tsakiyar wasa. Na koyi ɗora ta kan bulo don iska ta ratsa ƙarƙashinta, in jiƙa buhu in rataye a taga. Wata rana ɗaya daga cikin na'urorin ta mutu da wari, na buɗe na tarar tsaka ce ta shiga neman ɗumi ta haɗa wuta da jikinta.

Amma duk wannan gyaran ƙarfe ne, kuma ƙarfe ba ya zagi. Mutane su ne aikin. Dokar benci guda ce, wanda aka ci ya tashi, na gaba ya zauna. Faɗarta ce mai sauƙi. Ban taɓa ganin wanda aka ci ya yarda an ci shi ba: ko fad ne ya ƙi, ko rana ce ta haske talabijin, ko wani ne ya yi tari a kunnensa. Dole ka san wanda zai yi kuka da wanda zai kai duka, ka raba musu wurin zama tun kafin a fara. Dole ka gane wanda ya gudo daga makaranta da wanda aka aika niƙa ya ɓoye kwano bayan ƙofa, ka kora su, in ba haka ba uwar da za ta zo ba yaron za ta fara zagi ba. Ranar kasuwar Mai'aduwa samarin ƙauye da suka sayar da dabba sukan biyo a hanyarsu ta komawa. Waɗannan ba su iya ba amma sun fi kowa ihu, kuma sai ka tsare su daga 'yan gari masu neman su yi musu wayo. Mafi haɗari ita ce caca. Ba a yin ta a fili, ƙifta ido ne da ɗan taɓa aljihu kafin a fara wasa. Duk wanda na kama ba ya ƙara zama a bencina, ko ɗan waye.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu gidajen kallo da yawa sun rufe, wasu ma tun kafin a zo musu. Ni ma na sha jinin jikina. Wata hantsi ina goge faifai sai ga mai unguwa da dattawa da limamin masallacinmu, Malam Hadi. Yaran da ke ciki suka sulale, ya rage biyu da wasa ya ɗauke wa hankali, ba su ma ga shigowarsu ba. Na shimfiɗa tabarma, suka ƙi zama. Mai unguwa ya ce iyaye sun kawo ƙara, yara na barin salla saboda wannan abu, kuma shawarar da aka yanke ita ce in kwashe kayana.

Malam Hadi kuwa talabijin yake kallo. Ƙwallo yaran ke bugawa. Can ya ce, "Ɗanlami, in an fara wannan abin, dole sai an kai ƙarshe?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, yana tsayawa."

"Tsayar da shi in gani."

Na miƙa hannu ta kan kafaɗar yaron na danna ɗan maɓallin tsakiya, wanda muke kira fos. Ƙwallo na sama, mai tsaron gida ya yi tsalle, komai ya sandare. Malam ya matso, ya ƙura ido, ya jira ko za ta faɗo. Ba ta faɗo ba.

Ya ce, "Har yaushe zai iya zama haka?"

"Har gobe, in dai akwai wuta."

"In sun dawo ba wanda ya yi asara?"

"Daga inda suka tsaya za su ɗora, Malam."

Ya juya ga mai unguwa ya ce, "Abin da ke tsayawa in an ce ya tsaya, ai ya fi wasu 'ya'yanmu ladabi." Sannan ya dube ni. "Zan tsaya maka, amma da sharaɗi. Da ladan ya buɗe baki, komai na ɗakin nan ya tsaya. Babu bari in ƙarasa. Ranar da na wuce na ji ana kiran salla ana buga wannan abu, ni da bakina zan ce a rufe. Ka yarda?"

Na ce na yarda, gaban mutane. A kan wannan magana rumfata ta tsira lokacin da ta wasu ta tafi, kuma duk unguwa ta san haka.

Na sayo butoci na jera a bakin ƙofa. Ladan na cewa Allahu akbar nake cewa, "Fos!" Kowa ya danna, a ajiye fad, a fita alwala. Abin da samarin yanzu ba za su yarda ba shi ne, ba a taɓa rigima a kan wannan ba. Mai ci ya san cinsa na nan yana jiransa, wanda ake ci kuma ya samu lokacin hucewa, sau da yawa faɗan da ke shirin tashi ruwan alwala ne ke kashe shi. Kalmar har ta shiga gidaje. Na ji wata tsohuwa da kunnena tana ce wa jikokinta da ke kokawa su sa fos ga tuwo ya sauka. Iyayen da suka kai ƙarata su suka koma cewa gara yaro ya je wurin Ɗanlami, ko ba komai ba zai rasa jam'i ba. A haka na yi aure, na ciyar da gida, na sa yara makaranta.

Muguwar shekara ba da hayaniya ta zo mini ba. Wata Asabar na gama goge fad, na jera, na ta da janareta, na zauna har azahar ba wanda ya leƙo sai akuyar maƙwabta. Na fita na tarar da tsoffin kwastomomina a gindin dalbejiya, kowa ya sunkuya kan wayarsa, ba mai yi wa wani magana. Ga mai ya yi tsada, ga mai rumfa ya fara tambaya ko ina da niyyar ci gaba da zama, don wani mai sayar da siminti na so. Ɗan ƙanwata Nafi'u, wanda ya yi karatun kwamfuta a Katsina, shi ya zo ya ce, "Kawu, tsoffin na'urorin nan sun gama yayi. Ka kawo sabuwa mai hawa intanet, wadda mutum zai zauna nan ya kara da wani a wata ƙasa. Ita waya ba ta kai ta ba." Na sayar da babur ɗina, muka je Kano muka ɗauko ta da babban talabijin. In ta ƙi, ba ni da sauran abin sayarwa.

Yanzu bari in zo kan gem na zamani, tunda kuna yabonsa kamar ku kuka ƙera. Ba na musu, sun yi kyau. Ranar da Nafi'u ya kunna sabon gem ɗin ƙwallo na ɗauka wasan gaske ake nunawa. Ga gumi a goshin ɗan wasa, ga ciyawa na kwanciya inda ya zame, ga riga na kaɗawa. A namu na da duk 'yan wasa fuskarsu ɗaya, kuma akwai wani lungu da in ka buga daga nan dole ta shiga, kowane yaro ya haddace shi. A na yanzu ƙwallo tana da nauyi, tana zille wa ƙafa, mai tsaron gida yana da wayo, kuma wanda ya iya ana ganin iyawarsa. Na tseren mota ma haka, in ka hau tsakuwa har kana jin fad na rawa a tafin hannunka. Wannan na ba su, ba ni da ja.

Amma wane irin mutum ne zai sayar maka da abin da bai gama ba? Da, ka sa faifai wasa ya tashi. Yanzu ka sa faifai sai ya ce sai ka sauko da sauransa daga intanet, kuma sauran ya fi abin da ke cikin faifan. Wata Juma'a da yamma benci ya cika, na kunna, abu ya ce sai an sabunta shi tukuna. Muka zauna muna kallon wani ɗan layi na rarrafe, janareta na shan mai, data na ƙonewa, har mutane suka gaji suka watse. Tela in ya kawo maka riga ba hannu ya ce zai aiko da hannun daga baya, ai ba ka ƙara ba shi ɗinki. Su kuwa shekara na zagayowa su sauya wa 'yan wasa riga, su ce sabon gem ne, a sake saye.

Fad ɗinsu mai shegiyar tsada ba ya daɗewa sandar da ake juyawa da babban yatsa ta fara karkata. Ka ajiye shi a ƙasa ba wanda ya taɓa, sai ka ga ɗan wasa ya kama hanya shi kaɗai kamar an yi masa kiranye. Na kwance ɗaya don in gyara, na tarar an yi shi ne yadda ba a son a gyara, komai a manne, abu sirara-sirara da in ka ja ya tsinke. Ga wasu gem masu dogon labari, kyau kam ba a magana, amma ka zauna don ka yi wasa sai a sa ka kallon mutane suna surutu da Turanci, fad na hannunka yana sanyi. Kuma yawancinsu mutum ɗaya ke bugawa. Mu da abincinmu ke kan mutum biyu a benci ɗaya suna gogar kafaɗa, me za mu yi da wasan da ke cewa kowa ya sayi nasa talabijin ya zauna a ɗakinsa?

Sai kuma caca da suka shigo da ita ta bayan fage. Ni na kori yara saboda taɓa aljihu, sai ga shi a cikin gem ɗin kansa ana sayar da wani ƙunshi a rufe, ka biya ba ka san wane ɗan wasa ne a ciki ba. In ka dace ka samu gwani, in ba ka dace ba ka sake saye. Na ce wa Nafi'u ya gaya mini bambancin wannan da karta. Ya ce, "Kawu, ai wannan ba caca ba ce, sa'a ce kawai." Na ce to ita cacar da me ake yin ta? A rumfata dai na hana sayensa.

Duk waɗannan da sauƙi. Ranar da Nafi'u ya fara haɗa mu da wani a intanet, na ce ya sa fos in gani. Ya danna, wasa ya tsaya, sai ga wasu lambobi suna ƙirgawa a kusurwa. Kafin in taka zuwa bakin ƙofa wasa ya ci gaba da kansa. Na ce mene ne haka? Ya ce ai wancan mutumin yana jira, ba za a bar ka ka shanya shi ba. In kuma ka kashe, an ci ka ke nan, har a rage maka matsayi. Na riƙe baki. Yanzu duk masu ilimin da suka zauna suka zana gumi a goshin ɗan wasa, ba wanda ya tuna cewa mutum yana da Ubangiji, ko uwa da za ta ƙwala masa kira, ko ma ciki da zai murɗa? Sun yi wasan ne don mutumin da ba shi da kowa kuma ba shi da wurin zuwa. Sai na yi dabara: in salla ta matso ba a fara wasan intanet, sai dai na cikin gida mai fos na gaske. Muka daɗe a haka lafiya lau.

Wanda ya dawo mini da kasuwa Haladu ne. A kan bencina ya koyi riƙe fad tun yana ƙarami. Ya girma ya yi aure, ya zauna Sandamu yana acaba, amma in ya sauke fasinja a Daura sai ya biyo. Ban taɓa ganin yatsu irin nasa ba. Ba ya ihu, ba ya jijjiga jiki, leɓe kawai yake cizawa. Da labari ya bazu cewa akwai wani ɗan Sandamu da ke lallasa Turawa da Larabawa daga rumfar Ɗanlami, sai wuri ya cika maƙil. Kallo ke kawo su, in sun gaji da kallo su zauna kan tsoffin na'urori su buga nasu. Mai shayi ya matso da teburinsa, mai rumfa ya daina zancen siminti. Kowa ya sani, ni ma na sani, in babu Haladu babu rumfar.

Akwai wata gasa a cikin gem ɗin, wadda sai ka yi watanni kana cin wasa kana hawa mataki-mataki kafin a ba ka damar shiga ta manya. Haladu ya hau har saura masa wasa ɗaya, kuma ranar ce za a rufe gasar. Ya zo tun bayan azahar, da lokaci isasshe. Sai sabis ya yi halinsa, abu na ta juyawa yana neman abokin karawa, ya kama ya saki. Da ya samu, na dubi inuwar bango na ga za a gama kafin la'asar, na ce a buga. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci. Haladu ya zura ɗaya, rumfa ta kaure da ihu, wani har ya cilla hularsa ta bugi kwanon rufi. Saura ƙiris a tashi, ladan ya buɗe baki.

Na ce, "Fos."

Ba wanda ya motsa. Haladu ya danna fos ɗin nasu na ƙarya, ya waiwayo, idonsa jajir. "Baba, don girman Allah. Saura kaɗan fa. Dubi agogon wasan da idonka."

Nafi'u ya riƙe mini hannun riga. "Kawu, kafin a ta da iƙama an gama. Ba wanda zai rasa jam'i. Malam ɗin ma ya tsufa, ba ya ji sosai."

Wani daga baya ya ce, "A rage murya kawai mana, wa zai sani?"

Lambobin suka ƙare, wasa ya ci gaba da kansa, Haladu ya juya ya kama bugawa don ba shi da yadda zai yi.

Gaskiya Nafi'u ya faɗa, da an bari da an gama kafin iƙama. Amma ni ba a kan iƙama na yi alkawari ba. Ta ƙofa na hango Malam Hadi ya fito daga zaurensa yana dogara sanda, idonsa ya yi rauni, kuma hanyarsa ta gaban rumfata take. Ko ya ji ko bai ji ba, mutumin nan ya sa mutuncinsa ya tsaya mini ranar da duk unguwa ta ce in kwashe. Raina ya ɓaci matuƙa, ba da Haladu ba, da waɗanda suka zauna can ƙasarsu suka ƙera abin da zai sa dattijo kamar ni ya zaɓa tsakanin abincinsa da maganarsa. Na zagaya bayan talabijin na zare wayar wuta.

Ɗaki ya yi tsit, sai muryar ladan da ƙarar janareta. Haladu bai yi jifa da fad ba. Ya ajiye shi a hankali kan benci, ya tashi ya ɗauki buta. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Malam Hadi ya iso, ya yi sallama kamar kullum, ya ce, "Ɗanlami, an yi fos?" Na ce, "An yi, Allah gafarta Malam." Ya ce madalla, ya wuce. Bai san abin da ya faru ba, kuma har Allah ya karɓi ransa ban gaya masa ba.

Haladu bai ƙara taka rumfata ba. Ba a daɗe ba Nafi'u ya buɗe nasa gidan gem wajen tasha, nesa da masallaci, jama'a suka bi shi, mai shayi ma ya ja teburinsa. Sabuwar na'urar shi na sayar wa. Na koma kan tsoffina da ƙananan yara, na haɗa da gyaran waya don tukunya ta ɗoru, rabin rumfar kuma yanzu siminti ne a ciki. Ku da kuke shirin buɗewa, ku san cewa abin da za ku ajiye a ɗakin ba ku zai bi ba, ku za ku bi shi. Asarar kasuwa na shanye ta. Abin da ban shanye ba shi ne abin da ya faru a masallaci ranar.

A sahu ɗaya muka tsaya da Haladu, kafaɗarsa jikin tawa. Da aka sallame ya miƙo mini hannu, muka gaisa, ya riƙe bai saki ba. Ya ce a hankali, yadda na kusa ba zai ji ba, "Baba, talabijin kawai ka kashe. Wallahi tun daga kabbara har sallama ina cikin fili ina tsare gida. Ban san ko raka'a nawa muka yi ba."

Sai ya tashi ya koma gefe, ya sake ta da kabbara shi kaɗai, ya ɗauko sallar daga farko. Na zauna ina jiransa har ya idar. Ya ɗauki takalminsa ya fita ta ɗaya ƙofar.